Layi Arba'in da Takwas

…a'a, ba kuka za ta yi ba. Kuka a kan me? A kan na'urar da ta yi daidai abin da aka ce ta yi? Martina tana zaune, hannuwa a kan cinya, tana kallon baƙin allon kwamfutar, fararen haruffa suna kallonta. Ta sake hawa sama, ta sake gangarowa. Waƙa ta arba'in da uku, ga ta. Ta arba'in da huɗu, ga ta, har da amshinta. Daga nan kuma… daga nan sai sabuwar waƙar da ta buga da safen nan, manne da wutsiyar ta arba'in da huɗu, babu lamba, babu ma harafin farko — wai "lbarkar damina". Ta arba'in da biyar fa? Da shida? Da bakwai? Waƙa uku, kamar ba a taɓa yin su ba.

Ga shi can a baranda, Yosiya, mijinta, a kujerar roba mai hannu, an tokare masa ɓarin dama da matashi, ɓarin da ya daina jin magana. Shekara talatin yana koya wa kwaya, mawaƙan cocinsu na Angwan Iya, waƙoƙin da ya ƙirƙira da kansa, bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. A rubuta me, in ji shi, ga kai? To ga kan nan. Karon farko da ciwon shanyewar jiki ya same shi, hannu da ƙafa ya ɗauka, ya bar masa baki, shi ne ya tsorata ya ce ta zauna ta rubuta. Kowace safiya waƙa ɗaya, wata ran rabi. Arba'in da huɗun farko ko sun ɓace, matan kwaya za su haɗo su kafin la'asar, da su suka aurar da 'ya'yansu, da su suka binne iyayensu. Amma ukun nan… ukun nan a wannan ɗakin aka haife su, a makon ƙarshe, babu kunnen da ya ji su sai nata. Litinin, Talata, Alhamis. Ran Juma'a ciwon ya dawo ya tafi da maganar, wata huɗu ke nan.

Kuma abin mamaki, godiya ce take riga tsoro zuwa. Wannan wace irin zuciya ce? Ta yi ɓarna irin wadda ba a ɗinkewa, amma in ta kalli allon nan Chidimma mai gyaran kwamfuta take gani, sai ta ji ƙirjinta ya yi ɗumi…

Prosper ne, ɗansu, ya kawo kwamfutar daga Abuja, tsohuwa, wadda aka gaji da ita a wurin aikinsa. In ka kunna ta sai ka ɗora ruwan shayi ka sauke ba ta gama farkawa ba. Ga maus. Kai, maus ɗin nan! Ita Martina, da ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga tafireta a ofishin gwamnati, kalma saba'in a minti ɗaya, wai ita ce take bin wata 'yar kibiya a allo kamar mai korar kaza daga tsakar gida, ta nufi nan kibiyar ta tafi can. Abin da ya kore ta daga teburinta ke nan tun farko — da kwamfutoci suka shigo ofis aka ba yara masu digiri, ita aka mayar da ita ɗakin ajiye fayil, tana kakkaɓe ƙura har ta yi ritaya. Ba ta taɓa gaya wa kowa yadda abin ya ci ta ba, ko shi Yosiya.

Sai shagon Chidimma, a unguwar Yara. Ba koyo ta je yi ba, ƙara ta kai, a duba mata abin nan ko zai yi sauri. Chidimma, Inyamura haifaffiyar Keffi, uwar 'ya'ya uku, Hausa a bakinta ta fi ta wasu masu ita, tana gyaran waya da kwamfuta a ɗan shagon da mutum biyu ba sa wuce juna a ciki. Ba ta ma kalli na'urar da farko ba. Hannuwan Martina ta kalla, yadda suka je da kansu suka kwanta a layin tsakiya na madannai, yatsa takwas, kowane a gidansa. "Mama, wannan hannun ba na maus ba ne," in ji ta. Shi ke nan abin da ta faɗa. Shekara nawa rabon da wani ya kalli hannun nan ya gane abin da yake gani?

Ta goge komai ta sa mata wani tsari wai shi Linux, irin wanda babu hoto, babu kibiya, babu komai sai baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa yana jira. Ki rubuta abin da kike so, ki danna, ya yi. Ls — ya nuna miki abin da ke cikin durowa. Cd — ki buɗe wata durowar. Cp — kabon ke nan, Mama, kwafi na biyu. Kabon! Martina ta yi dariya a shagon nan har mai sayar da katin waya na gefe ya leƙo, dariyar farko tun da Yosiya ya faɗi. Tsohuwar na'urar kuwa ta zama yarinya, kafin ka zauna ta farka, batirinta ya kai azahar ko an ɗauke wuta.

To, sai zaɓi. Da me za a yi rubutun? Manhaja biyu Chidimma ta buɗe mata, ɗaya bayan ɗaya. Nano — mai kirki, mai fara'a, abin da kika danna shi zai fito, a ƙasan allo ma ya jera miki yadda ake adanawa da yadda ake fita, kamar ɗan rakiya. Sai vi. Vi ba ya sannu da zuwa. Allo wayam, ba ya gaya miki komai, kuma kunne biyu gare shi: in kin danna i, abin da kika buga rubutu ne, in ba ki danna ba, kowane harafi umarni ne, kuma ba ya tambaya ko kin tabbata. Amma fa — nan ne aka kama ta — a vi hannu ba ya barin layin tsakiya. Hawa, sauka, gogewa, nema, duk a ƙarƙashin yatsun nan takwas. Chidimma ta faɗa mata gaskiya, har sau biyu: "Ki fara da nano, Mama. Vi yana cizo." Cizo? Ita da tafireta ta sha datse mata farce? Martina ke nan, girman kai a ɗaure cikin ɗankwali. Ta ce vi take so, ta koma gida da kati ɗaya da Chidimma ta rubuta mata umarnin a kai da jan biro, ga shi nan manne a bango har yau.

Kuma ta iya. Kada a manta da wannan, ta iya. Cikin mako uku yatsunta sun haddace katin, Yosiya yana faɗa tana bugawa, wani lokacin ta riga shi kai ƙarshen layi ya harare ta…

Idonki a takarda! Madam Titilayo ce, a makarantar koyon tafireta, shekarun da Martina take budurwa mai siririn wuya. Bayarabiya mai ƙiba, rula a hannu, tana lulluɓe musu hannuwa da ƙyalle don kada su ga madannai. Ka ɗaga kai ka kalli abin da kake bugawa, rula ta sauka a bayan hannu. Mai buga tafireta ba ta kallon hannunta, ba ta kallon na'ura, ba ta ma karanta abin da take bugawa — magana ta shiga ta ido ko ta kunne, ta fita ta yatsu, kada ta tsaya a kai. Kuma ta gode wa matar nan, Allah ya ji ƙanta in ta rasu, da wannan horon ta ci abinci, da shi ta yi wa Prosper makaranta. Ta buga takardar korar mutane a ofis ba ta san sunan wa ta buga ba, shi ya sa manya suka yarda da ita, ba a taɓa jin sirri ya fita ta teburinta ba. Abin alfaharinta ke nan a duniya, ba ta kallo.

To yau ma ba ta kalla ba.

Jiya Susana, tsohuwar 'yar kwaya, ta zo da wata takarda da ta tsinta a cikin Littafinta Mai Tsarki, ta yi ja don tsufa, waƙar godiyar kaka da Yosiya ya yi tun Prosper yana goye, shi kansa ya manta da ita lokacin da yake faɗa. Murna! Da safen nan, ta gama yi masa wanka, ta ba shi koko, ta zaunar da shi, ta buɗe fayil ɗin karo na farko tun watanni. Idonta ya faɗa kan taken waƙa ta arba'in da biyar, an buga shi sau biyu. Ƙaramin abu. D sau biyu, layin ya tafi, daidai yadda katin ya ce. Sai ta kafa takardar Susana a dama, ta gyara zama, ta juya kai, kamar yadda ta yi sau dubu nawa a rayuwarta — ba ta gangara ƙarshen fayil ba, ba ta danna i ba — ta buga lambar waƙa. Huɗu, takwas, ɗigo.

Ga shi nan a katin, da jan biro, ba ɓoye mata aka yi ba. Ɗigo: maimaita abin da aka yi yanzu. Lamba kafin umarni: sau nawa. Me aka yi yanzu? An goge layi. Sau nawa? Arba'in da takwas. Waƙa uku, kowace layi goma sha shida, kamar da gangan aka auna. Harafin A na Albarka kuma ya buɗe wa vi kunnen rubutu, sauran duk suka shiga lafiya lau, tana bugawa tana jin daɗin ƙarar, tana cewa a ranta Yosiya yana ji daga baranda, yana jin aikinsa yana tafiya. Ta kai ƙarshe, ta adana, ta rufe, duk ido a takarda. Harafi ɗaya, u, da ya dawo da komai, in da ta ɗaga kai kafin ta rufe. Ɗaga kai kawai. Wa zai buge ta yanzu? Rular tana ina?

Kabon — tsaya, akwai kabon! Ta buga ls, ga su nan a jere, fayil ɗin waƙoƙi da ɗan'uwansa, kwafin da take yi duk Asabar. Chidimma, Allah ya yi miki albarka, Allah ya raya miki yaran nan uku… Ta buɗe, ta gangara ƙasa, ƙasa. Arba'in da uku. Arba'in da huɗu. Shi ke nan. Ai wancan makon ba shi da Asabar. Asabar ɗin a barandar asibiti ta yi ta, a kan tabarma, tana jiran likita ya fito ya ce wani abu.

Ta rufe kwafin a hankali, ba ta taɓa komai a ciki ba. Ko ba komai wannan yana nan, cikakke, babu wutsiyar da aka manna masa. Ta gode da wannan ma. Haka take, ko an ba ta rabin abu sai ta ce an gode, Yosiya ya sha tsokanarta a kai.

Ta kira Chidimma? Wayar tana nan kusa da kofin shayi. Amma Chidimma tana can garinsu wurin jana'izar mahaifiyarta, mako biyu za ta yi. A kira mace tana kan kabarin uwarta a ce mata vi ya yi cizo? Kuma ta ce me — ai na gaya miki, Mama? Ba za ta ma faɗa ba, shi ne abin da ya fi ciwo, cewa kawai za ta yi bari ta dawo ta duba. Ta duba me? Tun ranar farko ta faɗa, wannan na'urar ba ta da kwandon shara da za a je a tono, abin da kika ce ya tafi ya tafi.

To nano. Bari ta gwada nano, mai kirkin nan da ta raina. Ta buga sunansa, ya buɗe, ga jerin taimako a ƙasa, duk abin da ta taɓa yana fitowa ba gardama. Lafiya lau. Nan babu mai goge mata layi arba'in da takwas a ɓoye. Da nan ta fara, da yanzu waƙoƙin suna nan, da tana can tana jiƙa wake… Ta buga layi ɗaya na gwaji, ta so komawa baya, hannun dama ya tashi daga gidansa ya tafi neman kibiyoyi a kusurwa, ya dawo ya sauka a inda ba nan ba. Ta so fita, yatsun suka buga umarnin vi, ya fito a allo a matsayin rubutu, yana mata dariya. Ba laifin nano. Ba laifin vi ma, in za a faɗi gaskiya — ya taɓa yi mata ƙarya? Shekara talatin da ɗaya ta yi wa mutane aiki suna faɗin abu suna nufin wani, wannan kuwa abin da ka ce shi zai yi, ko da zai kashe ka. Ta fita daga nano ta hanyar da ya rubuta mata a ƙasa, ta ce masa ya yi haƙuri, a zuci.

Vi. Sabon fayil, wayam. I — ta danna, ta duba, ga kalmar Turancin nan ta fito a ƙasan allo mai nuna kunnen rubutu a buɗe yake. Ta sake dubawa. Babu takarda a dama yanzu, babu muryar da za ta faɗa. Daga ina za su zo?

Ta arba'in da biyar… Litinin ce, an yi ruwa da asuba, yana rufe da bargo, ya fara da gyaran murya. Me ya ce? Kanta babu komai, fanko, ai ba ta nan suka bi ba. Ta yi ƙoƙarin tuna kalma ta farko, ta gudu. Ta kalli allo, yatsun suka sandare, kamar an kama su suna sata. Sai muryar — ba kalmomin ba, karin — ta ɗan taso mata a maƙogwaro, ta bi ta da hanci, ta rufe ido… yatsun suka motsa. Ɗaya, biyu, suka zuba da gudu. Ba ta san me suke bugawa ba, ba ta tambaye su ba, numfashi ma a hankali take yi kada ta firgita su. Da suka tsaya ta buɗe ido. Layi goma sha shida. Ta karanta, karo na farko a rayuwarta ta karanta waƙar nan, ashe a kan ruwan sama ce, yadda yake sauka a gonar mai aiki da ta wanda ya kwanta ciwo. Nasa ne, ko makaho ya shafa ya san nasa ne. Ta adana, ta yi kabon nan take, cp, ba jiran Asabar.

Madam Titilayo, ashe ba duka kika cuce ni ba… a'a, ba ki cuce ni ba sam. Abin da ya kashe shi ne yake tonowa.

Ta arba'in da shida ta zo da ɗingishi. Baiti na farko sumul, amshi sumul, na biyu yatsun suka yi tuntuɓe, suka buga layi, suka tsaya, suka buga wani. Wanne ne? Duka biyun sun hau karin. Ɗaya ya yi kama da bakinsa, ɗayan ya yi kama da abin da ita za ta so ya faɗa. Shekara talatin da huɗu da aure, ina nasa ya ƙare, ina nata ya fara? Ta bar su duka biyun, ta sa alamar tambaya a gefe. Wani ɗan acaba yana ta danna oda a bakin layi, rana ta hau, inuwar mangwaro ta janye daga taga, waken ko jiƙa shi ba ta yi ba. Bayanta yana ciwo, ba ta tashi ba.

Alhamis. Ta arba'in da bakwai. Ranar harshensa ya riga ya yi nauyi, tana ji, tana ƙin ji. Ba allo take kallo ba, ba takarda ba, bakinsa take kallo, yadda gefen dama yake zamewa, tana lissafin ko ta kira Prosper ko ta bari sai gobe, tana cewa gajiya ce, gajiya ce kawai. Kunne ya ɗauka, yatsu suka buga, ita tana wani wuri. Yanzu ta rufe ido, ta bi karin, a hankali yake, kamar tafiyar mai sanda…

Ban zo da ƙara ba, na zo da godiya,
ka ɗauki dama, ka bar mini hagu,
da shi zan riƙe

Suka tsaya. Ta koma farko, ta sake tahowa da gudu ko za su tsallake ramin — da shi zan riƙe — suka tsaya a wuri ɗaya. Bayan ramin akwai "har mu isa gida", wannan ya zo, sauran baitocin ma sun zo, duka, har ƙarshe. Kalma ɗaya ce babu. Riƙe me? Sanda? Alkawari? Abu ɗaya ta lura: duk sanda ta iso wurin, ƙaramin yatsanta na hagu yana sauka da kansa a kan madannin babban baƙi. Suna ne ke nan. Sunan wa ake riƙewa har a isa gida, in ba na Mai Sama ba? Ta sa Yesu. Ta rera. Ya zauna, amma da ɗan gibi, kamar takalmin da ya fi ƙafa.

Sai ta lura da shirun. Tun yaushe baranda ta yi tsit haka? Ko da yake me zai yi ƙara, mutumin da ba ya magana… amma yakan ja ƙafa, yakan yi tari. Yana ji. Tun safe yana ji — gudun farko, dogon shirun, sa'an nan waƙoƙinsa uku suna fitowa ta hancin matarsa, guntu-guntu, ana komawa ana sakewa. Kan nan ba abin da ya same shi, baki ne kawai aka kulle. Ya sani. Tun kafin ta tashi ya sani.

Ta cire wayar caji daga bango, ta ɗauki kwamfutar a buɗe kamar tire, ta fita, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gabansa, na'urar a cinya.

"Baban Prosper, na yi ɓarna," in ji ta. "Ukun ƙarshe. Na dawo da su, saura kalma ɗaya."

Yana kallonta. Babu faɗa a idon, ita da ta shirya wa faɗa, ta ma fi son faɗan. Ta gyara murya, muryar da bai taɓa yarda ta shiga kwaya ba, wai tana jan kari kamar mai jan akuya, ta fara. Ban zo da ƙara ba… Hannun hagunsa ya tashi daga hannun kujera. Ya tashi! Yana sara iska, ƙasa, sama, yana ba ta lokaci kamar mutum arba'in ne a gabansa, har yana ɗaga mata gira ta yi sauri. Wata huɗu tana juya shi, tana goge shi, tana ba shi abinci a baki, ba ta san yana nan haka ba, dukansa, mai kwaya da fitinarsa. Na gode, na gode, ba ta ma san wa take yi wa godiyar ba, Allah ko Chidimma ko ɓarnar kanta.

Da shi zan riƙe Yesu — hannun ya sara sau biyu tare da ita, ya ƙara ɗaya shi kaɗai a cikin shiru. Ya girgiza kai. Ta koma. Da shi zan riƙe Ubangiji — hannun ya tsaya tun ba ta gama ba, ya yi mata alamar ta yi yawa. Uku ke nan. Bugu uku. Ya nuna mata, a hankali, a kan gwiwarsa: ɗaya, biyu, uku.

Mai Ceto! Ai ga shi, ya hau daidai, ta rera shi da ƙarfi, har mu isa gida, ta kai ƙarshen layi tana haki, tana jiran ya gyaɗa kai.

Bai gyaɗa ba. Bai girgiza ba kuma. Hannun yana sama inda ya tsaya, leɓensa yana motsi, yana kokawa da abin da ya ƙi fitowa, idonsa a kanta — ba a kan na'urar ba, a kanta. Ko gajiya ce? Ko ya yarda ne, kan ne ya yi masa nauyi? Ko kuwa… a'a. A waƙar coci? Mutumin da tun da aka haifi yaron nan bai sake kiranta da komai ba sai Maman Prosper, kafin nan ma "ke" ce, ko a gaban fasto ranar aure sai da aka ce ya ɗaga murya? Da ta ji ai. Da ya faɗa ran Alhamis ɗin nan da ta ji, mutum ya buga sunansa da yatsunsa bai sani ba? Ita kuwa ta sani sarai, in akwai mace ɗaya a Keffi da za ta iya wannan…

Sunan nata bugu uku ne shi ma. Ta ƙirga a zuci, ta sake ƙirgawa, bai canja ba. In ta faɗa ya girgiza kai fa? In ta faɗa ya gyaɗa don ya faranta mata, ta ina za ta gane? Ta gaji, bayanta, idonta, wuyanta, ta gaji ƙwarai, batirin ma ya kusa, ga rana ta iso ƙafarsa ya kamata a matsar da shi. Ta ɗauko layin daga farko, a hankali, hannun ya bi ta, ka ɗauki dama, ka bar mini hagu, da shi zan riƙe…

Bakinta a buɗe. Hannun yana sama, yana jira.